Gida a kan ƙafa 50 bisa 50: inda na sassauta da inda na kafe

Duk wanda ya yi gini da kuɗin albashi ko na ƙaramin kasuwanci ya san ba a samun komai da komai. Wani abin kai za ka bari da kanka, wani kuma aljihu ne zai sa ka bari. Nawa gidan na gina shi a kan rabin fuloti, ƙafa 50 bisa 50, a wata sabuwar unguwa da ke gefen hanyar Gwarzo, bayan an wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Aikin ya ci shekara huɗu da 'yan watanni, kuma tun daga ranar da aka ja igiya har ranar tarewa, da wuya a yi aiki ba na tsaye a wurin. Abin da na gani shi ne haƙurin mai gini iri biyu ne. Akwai wanda ake yi yau a gyara baɗi, kamar fenti da tayil da silin. Akwai kuma wanda siminti ke binnewa, in ka yi shi ka yi shi ke nan har gidan ya tsufa. Yawancin masu gidan da na ji suna ƙorafi, a kan na biyun suka rage kuɗi don su samu na yin na farkon.

Kuɗin da ke hannuna a lokacin abu uku za su iya saya: kwatan fuloti a kusa da gari, rabin fuloti a bayan gari inda mutane suka fara tarewa, ko cikakken fuloti 50 bisa 100 a can cikin gonaki inda ba kowa. Na ɗauki na tsakiya, kuma awon igiya ne. Awon gwamnati ya fi tsari, titunansa a shate suke, takardarsa ta fi ƙarfi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. A awon igiya mai gona ne ya yanka gonarsa ya sayar, kuma da yake kowace ƙafa kuɗi ce a wurinsa, hanya ce take shan matsi. Don haka kafin na kalli filin sai da na auna layin da tef. Wanda na saya layinsa ƙafa 20 ne. Na bar wani da ya fi shi araha saboda layinsa ƙafa 12 ne kacal. Tifar yashi ba za ta shiga ba, motar kwasar masai ba za ta shiga ba, haka motar kashe gobara. Faɗin layi ba ya gyaruwa da zarar maƙwabta sun tayar da katanga.

A watan Maris aka fara nuna mini filin. Dillalin ya ce, "Alhaji, nan ko ɗigon ruwa ba ya kwana." Na ce masa, "Allah Ya sa haka, amma bari Agusta ta shaida." Kasada ce, don wani na iya riga ka, amma fili a rani duk kamanninsu ɗaya. Na koma washegarin wani babban ruwa, na ga inda ruwan layin yake bi da inda yake taruwa, na duba gindin katangun da ke kusa ko akwai zanen laima. Sannan na sa lebura ya haƙa rami mai zurfin ƙafa huɗu a tsakiyar filin. A Kano wannan ramin ya zama dole, saboda akwai tsofaffin kududdufai da yawa da aka cike da shara aka baje ƙasa a kai. Idan a ƙafa ta uku ka fara ganin leda da toka da tsummokara, ka bar wurin komai arahar sa. A nawa jar ƙasa mai tauri aka tarar daga ƙafa biyu zuwa ƙasa.

Maganar takarda gajera ce amma ba a tsallake ta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu shaidar saye ce kawai, ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba. Na nemi ganin asalin mai gonar. Da ta bayyana gonar gado ce, na nemi takardar rabon gadon, kuma na ƙi biyan kuɗi sai da wanda kason ya faɗa wa ya sa hannu da kansa a gaban shaidu. Na kuma bincika a KANGIS, inda ake ajiye bayanan filayen jihar, ko wurin ya faɗa cikin wani shatin gwamnati. Amincewa da zanen gini kuwa hurumin KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jihar. La'adar dillali kashi 5 cikin 100 muka daidaita tun kafin ciniki ya faɗa, don bayan ciniki maganar ba ta daɗi. Da aka gama, a ranar na kafa siminti a kusurwa huɗu a gaban masu iyaka da ni.

Haƙurin da ban auna shi daidai ba shi ne nisa. Na lissafa kuɗin fili, ban lissafa kuɗin zuwa da dawowa na shekara ashirin ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafin ya fito fili: makarantar yara, kasuwa, asibiti, wurin aiki, kowanne sai an hau abin hawa, wani ma hawa biyu. Wanda zai saya a bayan gari ya zauna ya rubuta tafiye-tafiyen gidansa na mako guda, ya ninka da 52, ya ɗora a kan kuɗin filin, sannan ya kwatanta da na kusa. Wataƙila zai sake zaɓar na nesan, ni ma da alama shi zan sake zaɓa, amma ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Ƙafa 50 bisa 50 murabba'in ƙafa 2,500 ne, a takarda da yawa, a ƙasa ba yawa. Filin yana kallon kudu. Babban ginin na jera shi a arewa, faɗin ƙafa 44, zurfin ƙafa 26, na bar lungu na ƙafa uku a baya da gefe biyu. A ciki akwai falo 12 bisa 18 da ɗakuna uku. Gaba ya rage ƙafa 21, a nan ne rigimar take: soro, kicin, sito, tsakar gida da wurin ajiye mota duk suna son wurin. Mota ƙarama tana cin kusan ƙafa 15 bisa 6, ban da wurin buɗe ƙofa, wato in ta shigo, tsakar gida ta ƙare. Na zaɓi soro 10 bisa 12 da banɗakinsa a kusurwar kudu maso yamma, kicin da sito a kudu maso gabas, tsakar gida ta tsira da kusan ƙafa 20 bisa 25. Ban taɓa da-na-sanin wannan ba. Soro ne ke sa baƙo namiji ya zo ya tafi matan gida ba su takura ba. Tsakar gida kuma ita ce wurin shanya, wurin wasan yara, wurin taron suna, kuma wurin kwana a watan Afrilu idan ɗaki ya ƙi zaunuwa. Gidajen da aka cike filin kaf da gini don a samu ɗaki na huɗu, masu su suna da ɗakin, amma iska ba ta da hanyar shiga.

Mutane da yawa sun ce lungun nan asara ne, in jingina ginin da katanga in ƙara girman ɗakuna. Idan ka jingina, tagar baya ta tafi, ɗaki ya koma mai taga ɗaya, ruwan rufinka kuma ko ya zuba gidan maƙwabci ko ka yi masa kwata a kan bango. Ƙafa ukun nan ita ce ke ba kowane ɗaki taga biyu, ita ce hanyar bututun banɗaki, kuma ta nan ake bi a yi gyara ba tare da an fasa daɓe ba. Banɗakuna biyu na babban ginin na sa su a ƙarshen yamma da gangan, don su tare ranar la'asar, wadda ita ce ke dafa bango ya kwana yana fitar da zafi. Wajen kafa mazaunin masai an kula kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Alƙiblar Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, don haka aka juya shi kudu. Wannan a zane ake warware shi, ba bayan an binne bututu ba.

Ranar jan igiya na tsaya a kan kusurwa. Ana auna ƙafa uku a gefe ɗaya, huɗu a ɗayan, tsakaninsu dole ya ba da biyar. In bai ba da ba, ɗakin ya karkace, kuma ba za ka gani ba sai ranar da mai tayil ya fara yanka tayil kamar yankan kankana a gindin bango. Ramin harsashi faɗin inci 27, wato ninki uku na kaurin bulo, zurfi ƙafa uku. An zuba kankare mai kaurin inci tara: buhun siminti ɗaya, baro ɗaya da rabi na yashi, baro uku na tsakuwa, baron a shafe ba a tsororo ba.

A nan muka fara saɓani da birkila. Ya ce, "Yallaɓai, layi uku ya isa, kowa a unguwar nan haka ya yi." Na ce masa, "Malam, biyar za mu yi." Layi biyar na bulo mai inci tara, da aka cike ramukansa da kankare, shi ya ɗaga daɓen gidan ƙafa biyu sama da layin unguwa. Ƙarin layi biyun ya ci bulo kusan 330 da ciko kusan tifa 10, kuma ya jinkirta aikin wata uku. Dalilina shi ne layin sabuwar unguwa ba ya zama inda ka same shi. Kowace damina maƙwabta na zuba ɓaraguzai da marmara don a samu wucewa, ranar da aka zo yin kwalta kuma a ƙara ciko. A tsofaffin unguwanni za ka ga gidajen da sai ka sauka mataki biyu kafin ka shiga soro, kuma ba haka aka gina su ba. Gidan da ya koma ƙasan titi kwatarsa ba ta fita, ruwan layi kuma yana shigo masa. A layinmu yanzu ƙafa biyun nan ta riga ta fara raguwa.

Ciko ba a juye shi gaba ɗaya. Ana baza inci shida, a jiƙa, a kirɓa da madaɓi, sannan a ƙara. Ni da kuɗi suka yanke sai na bar shi damina guda ta bi ta kansa, ya zauna da kyau. Kafin daɓe aka shimfiɗa bututun banɗaki, aka fesa maganin gara, aka shimfiɗa leda mai kauri bakinta na hawa kan juna, sannan aka zuba kankare inci huɗu har ya hau kan bulon harsashin. Ledar nan ba ta kai kuɗin ƙofa ɗaya ba, amma rashinta ne ke sa ka ga gindin bango yana kumbura, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Mai gida ya kankare ya sake filasta, shekara ta zagayo abin ya dawo, don laimar daga ƙasa take hawowa.

Bulo ban saya bugagge ba, na sa an buga mini a wurin. Buhun siminti mai kilo 50 na tsayar da shi a kan bulo 30 na inci tara, ko 40 na inci shida. Wasu masu sayarwa suna fitar da fiye da haka nesa ba kusa ba, shi ya sa za ka ɗaga bulo kunnensa ya gutsure a hannunka. Ana ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, ba a hawa da shi sai ya yi mako biyu. A hunturu sai an ƙara kula, don iskar tana shanye ruwan kafin simintin ya kama, sai ka ga bulo ya yi fari ya bushe amma ƙusa na karce shi kamar alawa. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsawon bulo inci 18, bangon ƙafa 50 yana cin kusan 33 a layi ɗaya. Katanga mai layi 10 a gefe huɗu ta haura 1,300. Gidan gaba ɗaya ya ci kusan 5,500. Inda na rage kuɗi shi ne bangon ciki da ba ya ɗauke da nauyi, na yi shi da inci shida. Illarsa ɗaya, magana tana ratsa shi fiye da mai inci tara. Da zan sake, bangon da ke tsakanin ɗakin maigida da falo zan mai da shi tara.

Linta a kan layi na tara take zama, kuma na yi ta zagaye, ba a kan ƙofa da taga kaɗai ba. Rodi huɗu mai milimita 12, zobba a tazarar inci takwas, kwaɓin buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa. A sa 'yan tsakuwa a ƙarƙashin rodin don kankare ya lulluɓe shi da kamar inci guda, in ba haka ba ya yi tsatsa ya fasa lintar daga ciki. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka, shi kuwa yawan ruwa ƙarfin kankare yake ragewa. Sai an tsaya a kansu. A kan lintar na ƙara layi huɗu maimakon biyu ko uku da aka saba. Ɗaki mai tsayi ya fi sanyi, fanka ma ta fi samun iskar da za ta juya. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, layi ɗaya na bulo ya fi labule mai tsada amfani.

Ginin ya tsaya a linta fiye da shekara. Wanda yake tara kuɗi kaɗan-kaɗan kada ya tara su a siminti, don buhu in ya daɗe yana shan laima ya dunƙule, ko da a kan katako aka jera shi. Gara a mai da kuɗin bulo, ko rodi daga Ƙofar Ruwa, waɗannan suna jira. Farashi kuwa ba ya jira: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ni kuma filasta ce ta rage mini, sai da na yanke ta gida biyu. Biyan ma'aikata na gwada na kullum na gwada jinga. Na kullum aiki na jan ƙafa, jingar ƙirgen bulo kuma sauri take sawa har a bar tsakanin bulo ba kwaɓi. Abin da ya yi mini daidai shi ne jingar mataki-mataki, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin yana hannuna sai na duba aikin da tiyo mai ruwa da igiya na gamsu.

Rufi iri biyu na yi, kuma a nan na ga bambanci da idona. Babban ginin na yi masa rufi mai baki a waje, ya fito ƙafa biyu yana zubar da ruwa a lungu da tsakar gida. Soro da kicin kuwa, da yake a jikin katanga suke, na yi musu ɓoyayyen rufi, wanda bango ke zagayewa, ruwan ya taru a kwata ya fita ta indararo. Ɓoyayyen ya fi kyan gani daga titi, ya fi cin katako kaɗan, iska ma ba ta samun bakin da za ta kama. Amma shi ne ke yoyo. Ƙurar hunturu da ganye da leda suna taruwa a kwatar, ruwan farko ya zo da ƙarfi, indararo mai inci uku ya kasa janyewa, ruwa ya taru ya bi ta ƙarƙashin kwano. A damina ta farko bangon soro ya yi taswira daga sama har rabi. An sauya indararon zuwa inci huɗu guda biyu, kuma duk watan Mayu sai an hau an share.

Katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa na saya, na zaɓi busasshe, don ɗanye yana murɗewa bayan an kafa shi ya ja ƙusa. An shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Abin da ba a wasa da shi shi ne ɗaurin rufi. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, rufin da aka ɗora aka danne da bulo kawai shi ake tsinta a gidan wani. Tun wajen zuba kankaren saman bango aka bar siraran rodi a tsaye, aka lanƙwasa su a kan katakon da ke kwance a bango. Kwano na sayi alminiyom mai kaurin milimita 0.45, kuma na sa an auna a gabana, don abin da ake faɗa da baki ba kullum yake zama abin da ke cikin mota ba. Ƙusa a kan tudun kwano ake bugawa, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Na kuma bar ƙananan kafofi masu raga a saman bango tsakanin silin da kwano, don zafin da ke taruwa a wurin ya samu mafita, jemagu kuma su rasa mashiga.

Rijiya na haƙura da ita gaba ɗaya, kuma wannan ya yi mini ciwo, don gida da rijiyarsa wani rufin asiri ne. Tazarar da masana lafiya ke so tsakanin rijiya da ramin masai mita 30 ce, kusan ƙafa 100. A fili 50 bisa 50, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka auna, ƙafa 70 za ka samu. Ko ka nisanta da naka ramin, na maƙwabcin baya yana jikin katangarka. Da yawa suna haƙawa a haka, ruwan ya fito garau, a sha, a yi ta jinyar taifot ba a san daga ina ba. Na ja bututu daga rijiyar burtsatsen wani maƙwabci ina biya duk wata, na kafa tanki mai lita 1,000. A tuna lita 1,000 tan guda ce, ƙafar tankin ba aikin ƙaramin ƙarfe ba ne. Ranar da injin maƙwabcin ya lalace sai 'yan ga-ruwa. Zaman dogaro da wani ne, na sani, amma na fi yarda da shi a kan ruwan da ban amince da shi ba.

Sokawe, wato ramin masai, na sa shi a gaba kusa da soro, inda tiyon motar kwasa zai kai daga titi ba sai an ratsa gida ba. Bututun inci huɗu ne, gangarensa kamar inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu. In ya kwanta sosai ƙazanta ta tsaya, in ya yi tsaye da yawa ruwa ya gudu ya bar ta. A kowace kwana akwai ɗan akwati mai murfi don zura sanda, da bututun numfashi da ya wuce saman rufi. Wayar wuta ma a cikin bango take, don haka ban rage ba: milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, 4 ga abin da ke jan wuta da yawa, kuma ta jan ƙarfe zalla. Na bar bututu biyu babu waya daga rufi zuwa sito saboda sola, ko da yake a lokacin ba ni da kuɗinta. Da ta samu bayan shekara, ba a fasa bango ko ɗaya ba.

Muka tare gidan bai ƙare ba. Daɓen siminti aka goge aka shimfiɗa leda, silin a ɗakunan kwana kawai, waje ba filasta sai bangon gabas, wanda shi ruwa ke duka. Ƙofofin ciki biyu labule ne. Tagogi kuwa an sa musu ƙarfe da ragar sauro tun ranar farko, ƙofar waje ma mai kauri ce. Akwai masu cewa kada ka tare sai ka gama, don in ka shiga ba za ka ƙarasa ba. Akwai gaskiya a ciki, na ga gidajen da suka shekara goma a haka. Amma kuɗin hayar da na daina biya su suka yi tayil ɗin falo da silin ɗinsa a shekarar farko. Wahalar ita ce aiki a kan mutane: a kwashe kaya a tara a tsakar gida, ƙura ta shiga ko'ina, mai aiki na shiga yana fita. Ɗaki ɗaya-ɗaya muka riƙa yi, kuma a rani.

Tagogi na yi kuskure a kansu. Na sa masu zamewa na alminiyom don sun fi araha kuma su ake yayi, alhali rabinsu kawai ke buɗewa. Taga mai ƙafa huɗu iskar ƙafa biyu take bayarwa. Masu buɗewa waje gaba ɗaya sun fi dacewa da zafinmu. Wannan dai yana sauyuwa, na riga na sauya na ɗaki ɗaya, bambancin kuma a daren farko aka ji shi.

Wanda ba ya sauyuwa cikin sauƙi shi ne kicin. Ƙafa 8 bisa 10 na ba shi, don na ƙara wa tsakar gida. Tun a zane maiɗakina ta ce, "Malam, wannan in firiza ta shiga, ina mutum zai tsaya?" Na ɗauka sito zai ɗauke nauyin. Bai ɗauke ba. Tukunyar gas, firiza, wurin wanke-wanke da kanta suka cinye shi, mutum biyu ba sa aiki a ciki tare, girkin taro kuma sai a waje. Ga shi a ware yake da babban ginin, ranar ruwa da abinci ake ratsa tsakar gida. Na auna soro da falo da inci saboda a nan nake zama, wurin da ake wuni ana aiki kuma na ba shi ragowa. Wanda zai zauna da mai zane ya tafi da wadda za ta yi girkin, ya sa a ja igiyar kicin a ƙasa ta shiga ta tsaya a ciki kafin a haƙa rami.

Faɗaɗa shi yana nufin fasa bangon da ke ɗauke da rufi da sabon harsashi, kuma ƙafa uku za su fita daga tsakar gida. Abin da na tsayar a yanzu shi ne rumfar kwano mai faɗin ƙafa biyar daga ƙofar kicin zuwa barandar falo, a kan ginshiƙan ƙarfe uku, da wurin wanke-wanke a ƙarƙashinta, bututunsa ya bi gindin katangar gabas ya fita kwatar layi. Mai walda ya riga ya auna, ƙarfen yana sito, ina so a kafa ta kafin hadarin farko.